St. Moritz: Yadda Garin Masu Otal Ya Karɓi Gasar Olympics Har Sau Biyu

A kudu maso gabashin ƙasar Suwizalan, cikin kwarin Engadin, akwai wani ɗan gari mai suna St. Moritz. Mazaunansa na dindindin kimanin 5,000 ne kawai, amma duk mai bibiyar wasannin ƙanƙara ya san sunansa, domin sau biyu yana karɓar baƙuncin gasar Olympics ta lokacin hunturu, a 1928 da 1948, ban da gasannin duniya da ya sha shiryawa.

Me garin yake da shi da har aka riƙa kai masa manyan gasanni?

Da farko dai tsayi. Garin yana zaune ne a kan tudu mai kimanin mita 1,800 daga saman teku, ga tafki a gindinsa da yake daskarewa duk hunturu, ga dutsen Piz Nair a samansa wanda ya haura mita 3,000. Sai dai tsaunukan Alps cike suke da garuruwa masu irin wannan baiwa. Abin da ya bambanta St. Moritz shi ne masu otal.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da rani kawai baƙi suke zuwa, don shan iska da wanka a maɓuɓɓugar ruwan garin da ake ɗauka magani ne. Sanyi na shigowa sai kowa ya tattara nasa ya nasa, otal ya zama kango. Labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne, a 1864 mai otal ɗin Kulm, Johannes Badrutt, ya ce wa wasu baƙinsa Ingilawa su dawo da hunturu. In ba su ji daɗi ba, kuɗin tafiyarsu a wuyansa. Suka dawo wajen Kirsimeti, ba su tafi ba sai Ista. Ko an ƙara wa labarin gishiri ko ba a ƙara ba, daga wannan lokaci attajiran Ingila suka maida garin wurin cin hunturu.

To mai kuɗi in ya rasa aikin yi, sai ya ƙirƙiro wasa. Baƙin suka fara zamiya a kan 'yan katakai a titunan gari suna banke mutane, har aka ga gara a gina musu hanyarsu daban. A hunturun 1884 zuwa 1885 aka gina hanyar Cresta, a 1904 kuma aka buɗe hanyar keken ƙanƙara da ake kira bob. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso garin. Saboda haka kafin ma a fara Olympics ta hunturu a Chamonix ta Faransa a 1924, St. Moritz na da filin wasa, da masauki, da hanyar zuwa, duk an gina su da kuɗin baƙi.

Yaya aka yi gasar 1928 ta faɗa hannunsa?

A tsarin wancan lokaci, ƙasar da ta karɓi wasannin bazara ita ke da damar shirya na hunturu. A 1928 birnin Amsterdam ne mai masaukin baƙi, ita kuwa Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta da dutsen da za a gangaro. Suwizalan ta gabatar da garuruwa uku: Davos, Engelberg da St. Moritz, aka zaɓi na ukun. Ƙasashe 25 suka halarta da 'yan wasa 464, daga 11 zuwa 19 ga Fabrairu, kuma a nan ne Japan ta fara shiga wasannin hunturu.

Gaskiya ne zafi ya kusa tarwatsa gasar?

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne abin da aka fi tunawa da ita. A tsaunukan Alps akwai wata busasshiyar iska mai ɗumi da ake kira fohn, wadda kan gangaro daga kan duwatsu ba sallama. An yi bikin buɗewa cikin guguwar dusar ƙanƙara, mutane na karkarwa. Kwana uku bayan haka, ranar tseren kilomita 50 na masu tafiya a kan ski, wato dogayen katakai biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara, aka tashi da sanyin da ruwa ke daskarewa, amma kafin rana ta take, ma'aunin zafi ya kai digiri 25.

Sai an san yadda ake wannan tsere za a gane girman matsalar. Ɗan wasa yakan shafa wa ƙasan katakonsa wani irin kaki tun kafin tashi, kuma kowane yanayin ƙanƙara da kakin da ya dace da shi. Wanda ya shafa na ƙanƙara mai tauri da safe, da azahar sai ya tsinci kansa yana jan ƙafa cikin caɓi. Da yawa suka sare a hanya. Per-Erik Hedlund na Suwidin ya kai gaci bayan kusan awa biyar, ya bai wa na biyu tazarar sama da minti 13.

Masu tseren takalmin ƙanƙara na mita 10,000 su ne abin ya fi shafa. Ba'amurke Irving Jaffee ne ke kan gaba a lokacin da filin ya fara narkewa, sai alƙalin wasa ya soke tseren. Aka yi ta jayayya, 'yan wasan Norwe suka kama hanyar gida, ba a sake tseren ba, ba kuma wanda ya karɓi lamba. A ganina an zalunci Jaffee, ko da yake ya rama a Olympics ta Lake Placid ta Amurka a 1932 inda ya ci zinare biyu. Gasar bob ma rage ta aka yi daga zagaye huɗu zuwa biyu, Billy Fiske na Amurka, yaro ɗan shekara 16, ya tuƙa tawagarsa ta mutum biyar suka yi nasara. Sonja Henie ta Norwe tana da shekara 15 ta ci zinaren rawar ƙanƙara. Kanada kuwa a wasan hoki ta zura ƙwallo 38 a wasa uku, ba a zura mata ko ɗaya ba.

Me ya sa aka sake komawa can a 1948?

Saura ƙiris ma ya zama sau uku. Da birnin Sapporo na Japan ya janye daga shirya gasar 1940, St. Moritz aka miƙa wa. Sai rigima ta ɓarke kan masu koyar da ski: kwamitin Olympics ya ce tunda ana biyansu, ba su da hurumin shiga gasar, Suwizalan kuma, wadda koyar da ski sana'ar 'ya'yanta ce, ta ƙi bin tsarin da kwamitin ya gindaya. A 1939 aka karɓe gasar aka kai Garmisch-Partenkirchen ta Jamus, can kuma yaƙi ya cinye ta.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Turai ta zama kufai, babu ƙasar da ke da kuɗin gina sabon fili. Suwizalan ba ta shiga yaƙin ba, filayen 1928 suna nan yadda aka bar su, otal-otal na jiran baƙi. A 1946 aka zaɓi St. Moritz a kan Lake Placid ta Amurka. Ƙasashe 28 suka zo da 'yan wasa 669, daga 30 ga Janairu zuwa 8 ga Fabrairu. Ba a gayyaci Jamus da Japan ba, Tarayyar Sobiyet kuma ba ta shiga ba.

Tabon yaƙin yana jikin 'yan wasan kansu. Petter Hugsted da Birger Ruud, waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu a tsallen ski, dukansu sun ɗanɗana zaman sansanin Grini inda Jamusawa suka tsare 'yan Norwe. Ruud yana da shekara 36 a lokacin, ya kuma riga ya ci zinare a 1932 da 1936.

An ce Amurka ta turo tawagar hoki biyu. Yaya aka yi?

Ƙungiyoyi biyu ne ke rikicin wace ce halastacciya. Hukumar hoki ta duniya ta amince da ɗaya, kwamitin Olympics na Amurka ƙarƙashin Avery Brundage ya tsaya a kan ɗayar, kowacce kuma ta hau jirgi ta taho. Sulhun da aka yi abin dariya ne: tawaga ɗaya ta yi faretin buɗewa, ɗayar ta buga wasanni, daga ƙarshe kuma aka cire ta daga jerin sakamako. Kanada ta ɗauki zinaren da bambancin ƙwallaye a kan Cekoslobakiya.

Mene ne na musamman game da hanyoyin ƙanƙarar garin?

Sauran hanyoyin bob da ake manyan gasanni a kansu a duniya na kankare ne, da bututun sanyaya a ƙarƙashi. Ta St. Moritz, wadda ta gangara zuwa ƙauyen Celerina, dusar ƙanƙara ce da ruwa kawai. Tsawonta mita 1,722, tana da kwana-kwana 19. Duk shekara wajen ƙarshen Nuwamba, wasu 'yan ma'aikata daga Kudancin Tirol na Italiya suke zuwa su tara dusar, su jiƙa ta da ruwa, su ɗaga bango su yaɓe shi da shebur kamar yadda magina ke yaɓen katangar ƙasa, su bar sanyin dare ya ƙame aikin. Sukan ɗauki kimanin mako uku. Bazara na shigowa hanyar ta narke, baɗi a sake daga farko. Shi ya sa ba ta taɓa zama daidai da ta bara, direban bob sai ya sake karanta ta kowace shekara, musamman kwanar da ake kira Horseshoe inda nauyin jikin mutum kan ninka kusan sau biyar.

Hanyar Cresta ita ma haka ake gina ta, amma a kanta mutum ɗaya ne yake kwanciya rub-da-ciki a kan ɗan faifan ƙarfe, kai a gaba, haɓa dab da ƙanƙara, yana birki da ƙusoshin da ke bakin takalminsa. Akwai wata kwana mai suna Shuttlecock da aka tsara ta yadda wanda ya shigo da gudun da ya fi ƙarfinsa za ta tofar da shi waje cikin tarin ciyawa, kuma duk wanda ta tofar ya cancanci shiga ƙungiyar waɗanda suka faɗi a wurin, har da ɗaurin wuyansu na musamman. Halin Ingilawa ke nan.

Wannan wasa na rub-da-ciki sau biyu kawai aka yi shi a Olympics kafin 2002, duka a St. Moritz, saboda a nan kaɗai hanyar take. John Heaton na Amurka ya zo na biyu a 1928 a bayan ɗan'uwansa Jennison, ya sake zuwa na biyu bayan shekara 20. Wanda ya kayar da shi a 1948 shi ne Nino Bibbia, ɗan Italiya mai sayar da kayan gwari a garin, kuma zinarensa shi ne na farko da Italiya ta taɓa samu a wasannin hunturu. Wani abin da ba ya cikin abin alfaharin ƙungiyar Cresta: ta hana mata hawa hanyar tun 1929, ba ta janye dokar ba sai a ƙarshen 2018. A wannan shekarar ce 'yan Najeriya mata, Seun Adigun da abokan tafiyarta a bob, da Simidele Adeagbo a wasan rub-da-ciki, suka riga suka fafata a Olympics ta Pyeongchang a Koriya ta Kudu.

Bayan Olympics, waɗanne gasanni ya karɓa?

Gasar duniya ta gangarowa daga dutse a kan ski ta zo garin a 1934, 1974, 2003 da 2017, in an haɗa da ta 1948 da aka ƙirga cikin Olympics, sau biyar ke nan. A 1974 Gustav Thöni na Italiya ya ci zinare biyu. A 2003 wa da ƙanwa, Ivica da Janica Kostelić na Kuroshiya, kowanne ya lashe tseren zagaye turaku. Don gasar 2003 ne tsohon zakara Bernhard Russi ya tsara wani wurin tashi na maza mai gangaren digiri 45, inda ɗan wasa kan kai gudun kusan kilomita 140 a awa cikin daƙiƙa shida. A 2017 hazo ya sa aka ɗage tseren gangare na maza da kwana ɗaya, ɗan gida Beat Feuz ya cinye. A gasar ce kuma wani jirgin sojan sama mai wasan nuni ya tsinke igiyar kyamara, ta faɗo inda 'yan wasa ke ƙarasa tsere, Allah ya kiyaye ba ta sami kowa ba.

A kan daskararren tafkin kuwa ana sukuwar dawaki tun 1907, ana folo tun 1985, kuma a 2020 an yi tseren takalmin ƙanƙara na Olympics ta matasa a kansa.

Zai iya karɓar Olympics karo na uku?

Da wuya, kuma mutanen yankin ne da kansu suka ce a'a. Gasar da ta ɗauki mutum 669 a 1948, a Beijing a 2022 ta ɗauki kusan 2,900 daga ƙasashe 91, ban da 'yan jarida da jami'an tsaro. Kwarin Engadin ba shi da wurin zuba wannan jama'a. A Maris 2013 aka yi ƙuri'ar raba gardama a jihar Graubünden, inda garin yake, kan ko St. Moritz da Davos su nemi gasar 2022, kusan kashi 53 cikin 100 suka ƙi, saboda tsoron bashi da ɓarnar muhalli. Shekara guda bayan nan aka ga gasar Sochi ta Rasha da aka ƙiyasta ta ci dala biliyan 50, masu cewa a'a suka ƙara samun hujja. Aka sake tambayarsu kan gasar 2026 ranar 12 ga Fabrairu 2017, ranar da Feuz ya ci zinare a kan dutsen garin jama'a na ta shewa. Kimanin kashi 60 cikin 100 suka ce ba sa so, kuma a wannan karon har a cikin St. Moritz kanta masu ƙi ne suka rinjaya. Gasar ta tafi Milan da Cortina d'Ampezzo a Italiya. Shi kuwa garin ya ci gaba da karɓar abin da filayensa za su iya ɗauka: gasar duniya ta bob a 2023, da ta masu alkafura a kan ski da allon zamiya a Maris 2025.