Waiwaye: Yadda na'urorin jirgin ruwa suka fara jin yaren juna

Kafin shekarun 1980, na'urorin da ke gaban matuƙin jirgin ruwa zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba. Mai auna zurfin ruwa tana da allonta, mai auna iska tana da nata, ita kuma mai nuna inda jirgi yake a teku ba ruwanta da su. Matuƙi ne ɗan aike a tsakaninsu: ya karanta lamba a nan, ya juya sitiyari a can.

Ƙungiyar da ta fara ɗinke wannan ɓaraka ita ce NMEA, wadda dillalan na'urorin jiragen ruwa suka kafa a Amurka a 1957. Ƙa'idar farko da suka tsara don ƙaramar buƙata ce, wato na'urar Loran, da ke gano wuri ta siginar rediyo, ta riƙa gaya wa na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ko jirgi ya kauce hanya. Daga nan aka faɗaɗa, a 1983 aka fitar da ƙa'idar NMEA 0183.

Tsarinta kamar na mai shela ne a kasuwa, na'ura ɗaya ke magana a kan waya, sauran su kasa kunne. Saƙon rubutu ne zalla da mutum ma zai iya karantawa. Yana farawa da alamar $, sai haruffa biyu da ke faɗin mai magana (GP na nufin GPS), sai uku da ke faɗin irin labarin, kuma jimla ba ta wuce haruffa 82. Gudun aika saƙon kuwa bit 4,800 ne a daƙiƙa (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a na'ura). A zamanin ya wadatar. Amma da na'urori suka yi yawa, sai bayan allon matuƙi ya koma saƙar gizo, tunda kowace mai magana sai an ja mata wayarta. Da AIS ta zo, wadda jirage ke sanar da juna sunansu da inda suka dosa, dole aka ɗaga gudun zuwa 38,400.

Maganin daga garejin motoci aka aro shi. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin CAN a 1986 domin sassan mota su riƙa musayar bayanai, a kansa kuma aka gina NMEA 2000, wadda ta fito a farkon shekarun 2000. Nan kebul ɗaya ake shimfiɗawa daga goshin jirgi zuwa bayansa, ya ɗauki wuta da bayanai tare, kowace na'ura ta jona ta reshen da bai wuce mita 6 ba. Ana toshe bakin kebul ɗin biyu da resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki, mai ƙarfin ohm 120, wanda in aka manta da ɗaya sai a wuni ana zargin na'urar da ba ta da laifi. Na'urori har 50 na iya hawa, kowacce ta yi magana ta kuma saurara, a gudun bit 250,000 a daƙiƙa.

Sai dai ɗan kasuwa ba ya son abokin cinikinsa ya leƙa shagon maƙwabci. Masu ƙera na'urorin suka fito da nasu nau'in NMEA 2000, Raymarine ta yi SeaTalkNG, Simrad ta yi SimNet: yaren ɗaya ne, bakin filogin ne daban, sai ka sayi mahaɗi. Ita kanta takardar ƙa'idar sayar da ita ake yi, abin da ya sa wasu masu jirage suka haɗu suka ƙirƙiro tasu ƙa'idar mai suna Signal K, wadda kowa ke iya dubawa kyauta. Hoton na'urar radar da bidiyo kuma sun fi ƙarfin NMEA 2000, don haka kowane kamfani ya ja nasa layin Ethernet, irin wayar da ke haɗa kwamfutoci, tun kafin NMEA ta kammala OneNet, ƙa'idarta ta irin wannan layi.

Duk da haka tsohuwar 0183 ba ta je ko'ina ba. Manyan jiragen dakon kaya har gobe suna aiki da ita, kuma ƙaramin guntun GPS da ke cikin na'urar bin sawun mota ko babur, irin wadda ake saka wa ababen hawa a Kano da Maraɗi, galibi da waɗannan jimloli masu alamar $ yake faɗin inda yake.