Ƙarfe ko icce ya shiga kai: wane hoto ke gano shi?

Me hoton eksire ke nunawa?

Ƙarfe, kuma yana fitowa fari fat. Harsashin bindigar toka da mafarauta ke ɗurawa, ƙusa, tsinin wuƙar da ya karye a ƙashi, duk ana ganinsu. Gilashi da tsakuwa ma galibi suna fitowa. Sai dai hoton a shimfiɗe yake, shi ya sa ake ɗauka ta gaba da ta gefe, kuma ba ya faɗin halin da ƙwaƙwalwa take ciki.

To me ya sa likita zai ce a tafi Kano a yi sikanin CT?

Domin shi yana ɗaukar kan ne yanka-yanka, ya nuna zurfin da abin ya kai, ko ƙoƙon kai ya fashe, ko jini ya taru. Mintuna kaɗan ake yi. Da wannan hoton likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suke shawarar a ciro abin ko a bar shi. Eh, wani harsashin barinsa ake yi, idan tono shi zai fi ɓarna.

Icce fa?

Nan ne matsalar. Yaro ya faɗo daga mangwaro, tsinke ya shige ta gefen ido ya karye a ciki, waje kuwa ɗan rauni ne kamar ƙwarzane. Eksire da wuya ya gan shi. A CT ma busasshen icce kan fito baƙi, a ɗauka iska ce. Bayan kwanaki sai kumburi, mugunya da zazzaɓi. Don haka a gaya wa likita ainihin abin da ya soki yaron. Wannan bayanin shi ke sa a sake duban hoton da kyau, ko a tura MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu.

Ba MRI ya fi duka ba?

Ga icce yana da amfani. Ga ƙarfe haɗari ne, domin ƙaton maganaɗisu ne, yana iya motsa ɓarɓashin ƙarfen da ke jiki ya yaga ido ko jijiya. Maƙeri, mai walda da wanda aka taɓa harbi su faɗa tun kafin a shigar da su.

Idan abin yana waje ana ganinsa, a zare?

A'a, ko wanzami ya ce zai iya. Wani lokaci shi ya toshe jijiyar da ta fashe. A kewaye shi da tsumma mai tsabta don kada ya motsa, kada a ba mai raunin abinci ko ruwa saboda tiyata, a nemi mota.