Rayuwar Ɗalibin Lauya a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Yaro na samun gurbin karatun shari'a a jami'a, tun bai san ƙofar ajinsu ba an fara kiransa Barista a unguwa. Tsakanin wannan kira da ranar da zai cancanci sunan akwai shekaru masu yawa, kuma a kansu iyaye da ƙanne suka fi yin tambaya.

Shekara nawa ake yi kafin a zama lauya?

Biyar a jami'a ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, huɗu ga mai difloma ko wani digiri da aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu. Digirin kaɗai ba ya ba mutum ikon tsayawa gaban alƙali. Sai ya yi kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda dokar 1962 ta kafa. Hedikwatarta na Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas, Enugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal da Bagauda ta jihar Kano, kuma ba lallai a tura ɗalibi inda ya zaɓa ba. Bayan nan sai hidimar ƙasa. A takarda shekara bakwai ke nan. A zahiri takan wuce: yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya ci takwas a 2022. Ga kuma ƙa'idar adadin ɗaliban da aka yarje wa kowace jami'a ta tura makarantar lauyoyi. Jami'ar da ta ɗebi fiye da kasonta, ɗalibanta ne za su zauna a gida suna jiran layi.

Gaskiya ne karatun duk hadda ce?

Akwai hadda, ba a musu. Amma mai hadda zalla yakan sha ƙasa, domin malami ba ya cewa a kawo sashe kaza. Labari zai ƙirƙiro: Malam Audu ya sayar wa Hajiya gona, ya karɓi rabin kuɗi, ya juya ya sayar wa wani, ba Hajiya shawara. Nan ne ake so ka tsamo abin da ake jayayya a kai, ka kawo doka, ka kawo hukuncin da wata kotu ta taɓa yankewa kan irin matsalar, sannan ka ɗora su a kan Malam Audu.

Saboda gadon mulkin Ingila, ɗalibi a Zariya ko Sakkwato zai haddace shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda ta samo asali daga dodon koɗi da wata mata ta ce ta gani a kwalbar lemo a Sikotlan, kuma har gobe a kanta ake gina bayanin sakaci. Zai karanta kundin tsarin mulki na 1999, dokar mallakar filaye ta 1978 da dokar shaida ta 2011. Dokar laifuka ma iri biyu ce: Kudu na da tata, Arewa na da Final Kod da ya fara aiki a 1960, wanda aka yi koyi da na Sudan wajen tsara shi.

A jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Danfodiyo ana haɗa wannan da shari'ar Musulunci, a Ahmadu Bello kuma, can harabar Kongo, akwai masu ƙwarewa a ɓangaren Shari'a. Waɗannan na fama da fiƙihun Malikiyya, Risala da Muhtasar da Tuhfa, ga lissafin rabon gado. Wanda ya yi zaure ko Islamiyya da gaske yakan ji daɗin wannan ɓangare. Wanda Turancinsa ke da rauni kuwa, a kowane ɓangare zai wahala, don haka gara a gyara shi tun a sakandare.

Me ya sa kullum suke cikin baƙi da fari?

Ƙa'idar tsangayarsu ce, sharar fage ga shigar kotu. Farar riga kuwa ba ta yin kwana biyu a ƙurar hunturu, shi ya sa wanki da guga suka zama darasi na musamman da ba ya cikin manhaja. A makarantar lauyoyi abin ya fi tsanani: ana ɗaukar sunan masu halartar aji, akwai liyafar cin abinci sau uku da dole a halarta, ana kuma tura ɗalibi ya zauna a kotu da ofishin lauyoyi na wasu makonni, ya rubuta abin da ya gani, a zo a titsiye shi a kai.

Dangi na kawo masa matsalolinsu. Ya amsa ko ya ƙi?

Wannan ce jarrabawar da ta fi ta aji wuya. Ɗalibi na aji biyu, ya dawo hutu, sai Gwaggo ta aiko a kira shi: an kama ɗanta, ko mai gida ya ba ta notis, ko 'yan uba sun riƙe gado. Ba zai iya cewa "Gwaggo, ba mu zo nan a karatu ba" cikin sauƙi, tunda an riga an ɗora masa suna. Idan kuma ya biye wa sunan ya yanke hukunci daga zaune, bai ga takarda ba, bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, yana iya jefa ta cikin asara. Doka ma ta hana wanda ba a rantsar da shi a matsayin lauya ba yin aikin lauya.

A ganina akwai abin da ya dace ya faɗa ba tare da shakka ba, domin ilimi ne na kowa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema. Abin da ya wuce irin wannan, sai ya ce, "Gwaggo, ki bar ni in haɗa ki da wanda ya fi ni sani," ya raka ta wurin lauya, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 don marasa hali. Rakiyar nan ta fi mata amfani a kan Turancin da zai zuba.

Ana cewa lauya maƙaryaci ne, yana kare mai laifi. Yaya ɗalibi yake ji da wannan?

Zai ji ta a majalisa, a mota, wani lokaci daga bakin mahaifinsa. Amsar da ake koya masa ita ce, doka na ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar, kuma ƙa'idojin aikin sun haramta wa lauya yaudarar kotu. Wakilci a husuma kuma sananne ne a littattafan fiƙihu. Sai dai mutane ba daga iska suka ɗauko zargin ba. Sun ga shari'ar gona da ta shekara goma ana ɗagewa.

Mace fa? Ana cewa karatun na hana aure.

Yakan jinkirta shi ga wasu, wasu kuma da goyo suke gamawa. Abin da ya kamata a tattauna tun kafin a sa rana shi ne shekarar makarantar lauyoyi, domin ana iya tura matar aure Enugu ko Yenagoa, kuma ba a karatun daga gida. Maganar "wa zai auri mai gardama" kuwa tsohon zance ne. Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta zama mace ta farko Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014. Batun hijabi ma an wuce shi: a Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsarwa saboda ta ƙi cire nata, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da shi.

Da an gama sai kuɗi?

A'a. Iyaye sun kashe na makaranta, na littattafai, na kwat da hular lauyoyi, suna jiran sakamako, amma sabon lauya a ofishin wani yakan fara da albashin da ko kuɗin mota ba ya isa. Wasu na shiga ma'aikatar shari'a, banki ko koyarwa, wasu na rayuwa da rajistar kamfanoni da rubuta yarjejeniyar filaye. Kujerar alƙalin babbar kotu da lambar SAN ta manyan lauyoyi kuwa, ba a ma duba takardar mutum sai ya shekara goma da rantsarwa.