Ɗaukar Hoton Inuwa a Ruwa da Gilashi

Ɗaukar hoton inuwa reshe ne na sana'ar hoto wanda ake ɗaukar surar abu yadda ta bayyana a kan ruwa, gilashi ko madubi, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci tare da abin da ya haife ta. Inuwa a nan na nufin surar da mutum ke gani idan ya leƙa ruwan da ya kwanta. Daga cikin wuraren da suka shahara da irin wannan hoto akwai tafkin da ke gaban Taj Mahal a birnin Agra na Indiya, da filin gishirin Uyuni na ƙasar Bolibiya, wanda ruwan damina ke mayar da shi kamar madubi.

Ƙa'idar haske

Haske yana barin shimfiɗaɗɗen wuri da irin kusurwar da ya sauka a kai. Ibn al-Haisam ya yi dogon bayani a kan wannan a Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta a ƙarni na 11. Abin da ya fi shafar mai kyamara shi ne yawan hasken da ke dawowa, domin yana sauyawa da kusurwar kallo. Idan aka kalli ruwa tsaye daga sama, kimanin kashi 2 cikin 100 na hasken kawai yake mayarwa, saura ya nutse, shi ya sa ake ganin duwatsun ƙasa. A digiri 30 daga fuskar ruwan, abin da ke dawowa kusan kashi 6 ne. A digiri 10 ya kai kashi 35, a digiri 5 ya haura rabi. Bafaranshe Augustin Fresnel ne ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1820.

Saboda haka aikin farko shi ne a yi ƙasa da kyamara. Ruwan saman da ya taru a kan titi, wanda faɗinsa bai wuce taku biyu ba, yana iya ɗaukar dogon bene gaba ɗaya idan idon kyamara ya sauko santimita 5 zuwa 10 daga fuskarsa. Mai waya sai ya juya ta, kai a ƙasa, don idon ya kusanci ruwan.

Saita gani

A nan akasari hoto ke lalacewa. Idon mutum na ɗauka surar tana kwance a kan ruwa, alhali nisanta shi ne tazarar kyamara zuwa ruwan haɗe da tazarar ruwan zuwa abin. Idan ruwan na mita 1 daga kyamara, ginin kuma na mita 30 daga ruwan, a mita 31 za a saita gani. Kyamarar da aka bari ta zaɓa da kanta takan kama ganye ko bakin ruwan, sai ginin ya fito dishi-dishi. Maganinsa a saita da hannu, ko a taɓa surar kanta a fuskar waya.

Mai son ganye da gini su fito tas tare sai ya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, ya ɗan ja baya. Mai son ƙura da tabon gilashi su ɓace sai ya buɗe ta zuwa f/2.8, ya saita a kan surar.

Ruwa

Iska ce ke yanke hukunci. Sanyin safiya kafin rana ta ɗaga shi ne lokacin da tafki ya fi kwanciya. Hoto ya fi kyau idan rana na haska abin da ake ɗauka, ruwan kuma na wurin da ba ta kai ba. Ruwa mai zurfi ko mai baƙin ƙasa ya fi mai farin yashi, domin hasken da ke tasowa daga yashin yana dusashe surar.

Idan ruwan na motsi, saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa ko wanda ya fi shi sauri yana tsayar da igiyoyin, surar ta fito a kakkarye da kaifin gefe. Ɗauka ta daƙiƙa 5 zuwa 30 tana laushe su, amma tana bukatar mazauni mai ƙafa uku, da rana kuma sai an ɗaura matacin da ke rage haske. Doguwar ɗauka ba ta mayar da ruwa mai motsi madubi. Launi kawai take bari a miƙe, kamar yadda fitilun gari ke ja dogon layi a kan kogi da dare.

Sura kullum ta fi abin da ya haife ta duhu, sau da yawa da mataki ɗaya ko biyu, kowane mataki kuwa rabin haske ne. A auna haske daga sararin sama don kada ya ƙone fari, sannan a ɗaga ɓangaren ƙasa wajen gyara. Idan aka ɗaga shi har ya fi sama haske, mai kallo zai ji akwai ƙarya ko da bai iya faɗin inda take ba. Haka ma surar ba kwafin abin ba ce a kife: tana nuna shi kamar daga ƙarƙashin ruwa ake kallo, shi ya sa ake ganin cikin gada a inuwarta. Da wannan ake gane surar da aka ƙirƙira a kwamfuta.

Gilashi

Kowace fuskar gilashi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 idan an kalle ta kai tsaye. Fuska biyu gare shi, don haka sura kan fito biyu, ɗaya a ɗan gefen ɗaya. Taga mai gilashi biyu tana ba da huɗu. Gilashi na zama madubi ne ga wanda ke ɓangaren da ya fi haske: da rana ga na waje, da dare ga na cikin ɗaki. Idan hasken ɓangarorin ya yi kusan daidai, abin da ke ciki da na titi sukan hau kan juna a hoto ɗaya. Eugène Atget ya ɗauki irin wannan a tagogin kantunan Faris a shekarun 1920.

Wanda ke son kawar da sura sai ya manna idon kyamara da gilashin, ya rufe gefe da baƙin ƙyalle ko murfin roba, ya kashe fitilun bayansa da filashi. Zanen da ke cikin firam ana haska shi da fitilu biyu, hagu da dama, kowacce a digiri 45.

Folaraiza

Wannan mataci ne da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara ana murza shi. A 1808 Étienne-Louis Malus ya lura cewa hasken da ya dawo daga tagogin Fadar Luxembourg a Faris ya jeru ta fuska ɗaya, kuma a 1815 David Brewster na Sikotilan ya bayyana kusurwar da jeruwar ke cika. Kusurwar ta kama digiri 37 daga fuskar ruwa, kimanin 34 daga fuskar gilashi. A wannan kusurwa folaraiza, wanda ke tare hasken da ya jeru haka, ke iya share sura kusan gaba ɗaya, kifin da ke ƙasa ya bayyana. Idan aka murza shi kwata ɗaya na zagaye, surar ta dawo da ƙarfinta. Mai neman inuwa da ya manta matacin a ɗaure yana iya goge abin da ya je ɗauka.

Folaraiza yana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, ba ya taɓuka komai idan an fuskanci gilashi kai tsaye, kuma ba ya share ƙyallin tsiraran ƙarfe ko surar madubi. A tagar jirgin sama yakan fito da launuka kamar bakan gizo, a gilashin gefen mota kuma da ɗige-ɗige, saboda matsin da ke cikin kayan tun daga ƙera su. A waɗannan wurare cire shi ake yi.