Waiwaye: Yadda Aka Raba Lissafin Hanya da Tura Bayanai a Cikin Rauta

Rauta, wato na'urar da ke karɓar ƙunshin bayanai, ta duba adireshinsa, ta zaɓi ƙofar da zai fita, ta faro ne a matsayin kwamfuta kamar kowace. A shekarar 1969, lokacin da aka kafa ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, a Amurka, kamfanin BBN ya sarrafa kwamfutar Honeywell DDP-516 ya mayar da ita IMP, na'urar tura saƙonni tsakanin kwamfutocin ARPANET, wadda ake ɗauka a matsayin kakar rautocin yau. Ko bayan kafa Cisco, kamfanin ƙera rauta, a 1984 ginin bai sauya ba: furosesa guda ce ke ɗauke da komai, kuma kowane ƙunshi sai ya ratsa hanyar ciki ta tarayya sau biyu, da shigarsa ma'ajiya da fitarsa.

Tushen matsalar shi ne an ɗora wa furosesa ɗaya ayyuka biyu masu bambancin hali. Lissafin hanya, inda rauta ke musayar labari da maƙwabtanta ta ƙa'idoji irin su OSPF da BGP domin gina jadawalin hanyoyi, yana da sarƙaƙiya amma yana jure jinkiri. Tura ƙunshi kuwa aiki ne mai sauƙi, sai dai ana maimaita shi sau miliyoyi a kowace daƙiƙa. An fara neman mafita da ba kowane katin layi, wato katin da ke ɗauke da ƙofofin shiga da fita, ƙaramar ma'ajiya ta adiresoshin da aka nema kwanan nan, dabarar da ta gaza a tsakiyar intanet, inda adiresoshi suka yi yawa kuma hanyoyi ba sa zama wuri ɗaya. Zuwan CIDR a 1993, tsarin raba adireshi zuwa rukunoni masu girma daban-daban, ya ƙara nauyi, domin daga nan dole ne rauta ta nemo shigarwar jadawali da ta fi tsawon dacewa da adireshin, ko da wasu da dama sun dace.

A ƙarshen shekarun 1990 aka yi rabon da ya ɗore. Cisco 12000 ta 1997 ta zo da saƙar ciki mai haɗa katuna da yawa biyu-biyu a lokaci guda, sannan M40 ta kamfanin Juniper a 1998 ta miƙa turawa ga guntayen silikon da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, ta bar lissafi ga furosesa daban. A ganina wannan rabo ne ya share fage ga OpenFlow na 2008, tsarin sarrafa na'urorin sadarwa daga wata kwamfuta daban, wanda ya nemi fitar da lissafin daga akwatin baki ɗaya.

Sai dai saurin silikon ya zo da iyaka, domin ma'ajiyar TCAM da ake binciken adireshi da ita tana da tsada, tana cin wuta, girmanta kuma ƙayyadadde ne tun daga masana'anta. A watan Agustan 2014, lokacin da jadawalin BGP na duniya ya haura hanyoyi 512,000, wasu tsofaffin rautoci sun cika maƙil suka fara zubar da bayanai, har sai da aka sake raba ma'ajiyarsu aka tayar da su.