Kwaɗi Ba Sa Faɗowa Daga Sama

An daɗe ana cewa ƙananan kwaɗin da ke cika gari da farkon damina tare da ruwa suke faɗowa. Dole mutum ya yi zaton haka, don jiya babu su, yau ga su ko'ina.

Amma dama suna nan. Da rani sukan ɓuya cikin ƙasa mai laima, tsagar duwatsu, ko ƙarƙashin ganyen kurmin bakin rafi, irin na kewayen Jos, saboda fatarsu ba ta jure bushewa. Ruwan Afrilu ne ke fito da su su yi ƙwai.

Ku leƙa kududdufi bayan mako biyu, za ku ga talibambam suna iyo. Su ne ke zama kwaɗi.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.