Bukukuwan Filifin: ga amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tun da na sa hotunan bikin Sinulog a watan Janairu ban huta ba. Shekara huɗu ke nan ina karatu a birnin Sebu na ƙasar Filifin kuma duk shekara tambayoyin nan dai su ne, daga 'yan uwa, daga abokai, daga sababbin ɗalibai da suka sauka jiya-jiya. To ga amsa sau ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake min waya da ƙarfe biyun dare.

Wai 'yan Filifin ba addinin Buddha suke yi ba kamar Tailan?

A'a. Kusan mutum takwas cikin goma 'yan Katolika ne. Sifaniya ta mulke su daga 1565 zuwa 1898, daga nan yawancin bukukuwan suka samo asali.

Sinulog ɗin mene ne?

Biki ne na Santo Niño, wato ɗan ƙaramin mutum-mutumin da suke cewa siffar Yesu ce yana yaro. Magellan, Baturen da ya jagoranci jiragen ruwan Sifaniya zuwa can, shi ne ya ba matar Rajah Humabon, sarkin Sebu, kyautarsa a 1521 da aka yi mata baftisma, har yau yana cocin da ke tsakiyar gari. Ranar Lahadi ta uku a Janairu ake babban fareti. Rawar taku biyu gaba ɗaya baya ce, kamar yadda ruwan kogi ke kai-kawo, ana kiɗa ana ihun "Pit Señor!" Shi ke nan.

Su kuma masu shafa baƙi a fuska, ba zagin baƙar fata suke ba?

Haba, ku riƙa tambaya kafin ku yi fushi. Wannan Ati-Atihan ne a garin Kalibo, tsibirin Panay. Ati ƙabila ce ta 'yan asalin tsibirin masu duhun fata, su ake kwaikwayo da baƙin tukunya, ba ruwansu da ni da kai.

Da gaske ana gicciye mutum?

Da gaske, da ƙusa. A San Pedro Cutud cikin lardin Pampanga ranar Juma'ar da ke gabanin Ista. Mutane kaɗan ne ke yi don cika bakance, kuma ita kanta cocin Katolika ba ta goyon baya, ta sha faɗa. Ban je ba kuma ba ni da niyya.

Ni Musulmi ne, zan iya fita kallo? Kuma me zan ci?

Yauwa, ita ce kawai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Maganar halacci ba tawa ba ce, ni ba malami ba ne, ka tambayi malaminka. Abin da zan iya gaya maka shi ne bikin Sinulog kashi biyu ne kuma sun cakuɗe. Akwai ɓangaren ibada tsantsa: addu'o'in kwana tara a coci, da zagayen mutum-mutumin cikin jirgin ruwa ranar Asabar da safe sannan a ƙasa da rana. Akwai kuma faretin Lahadi wanda ya fi kama da gasar rawa, ƙungiyoyi daga garuruwa daban-daban da kaya masu ƙyalli. Amma kada in yaudare ka, ko a faretin ma mai jan kowace ƙungiya rungume take da ɗan mutum-mutumin tana rawa da shi, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya yi zamansa a ɗaki, babu wanda zai ce masa don me. Abokaina wasu suna fita wasu ba sa fita, kuma ba mu taɓa faɗa a kan haka ba.

Abinci kuwa nan ne aikin yake. Sarkin biki a Sebu shi ne lechon, alade sukutum da guda a jikin gora ana juya shi kan garwashi, wannan ba ya ɓuya, kana gani ka kauce. Wanda ke ɓuya shi ne matsalar. Taliyar da suke kira pancit sau da yawa da 'yan gutsattsarin alade a ciki, miyar ganye ma haka, ni a shekarata ta farko wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zubo min ganye ta rantse babu nama, ina juya cokali sai ga kitse yana yawo, a wurinta wannan ɗanɗano ne ba nama ba, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta ba ni. Ka haddace kalmar baboy, ita ce alade. A Manila ka ce walang baboy, a Sebu walay baboy. Ko sun ce babu ka sake tambayar man da aka soya da shi. Kaza gasassa ma wani lokaci wayar gashi ɗaya suke hawa da alade, ballantana a zo maganar yanka. Kifi da shinkafa da mangwaro sun fi kwanciyar hankali, ko ka nemi gidan abincin Maranao, Musulman tsibirin Mindanao ne da ke kudancin ƙasar kuma suna kasuwanci a kusan kowane babban gari. Ka ci ka ƙoshi kafin ka fita, ka san inda za ka yi azahar da la'asar tun da wuri don ana rufe tituna, kuma wasu shekarun hukuma na katse layin waya a wurin saboda tsaro, in ka ɓace wa abokin tafiyarka sai dai ku haɗu a gida. Jakarka ta koma gaba.

Af, ashe akwai Musulmai a can?

Kai jama'a. Musulunci ya riga Magellan zuwa. Masallacin Sheikh Karimul Makhdum a Simunul, lardin Tawi-Tawi, ana danganta kafa shi da 1380. Ƙaramar sallah da babbar sallah duk ranakun hutu ne a ƙasar baki ɗaya, kuma a birnin Cotabato duk Disamba ana bikin tunawa da Shariff Kabunsuan wanda ya yaɗa addinin a tsakiyar Mindanao. A unguwar Quiapo ta Manila ma inda ake jan Baƙin Banazare, wani baƙin mutum-mutumi da suke cewa siffar Yesu ce, duk 9 ga Janairu, mutane ba takalmi suna jefa tawul a goga musu a jikinsa, 'yar tafiya kaɗan ce tsakanin cocinsa da babban masallacin da aka gina a 1976.

Wanne ya fi kyau?

A wurina Pahiyas, 15 ga Mayu a garin Lucban. Godiyar girbi ce, gida-gida ana lulluɓe bango da kayan gona da kiping, wani siririn abu mai launi da ake yi da garin shinkafa a siffar ganye. Ba turereniya irin ta Sinulog, ko da yake nan ma tsiran aladensu ya yi suna, a kula.

Za ka samo min masauki mai araha a makon Sinulog?

A'a. Tun watanni kafin Janairu ake kame ɗakunan, kuma tabarmar ɗakina mutum uku sun riga ka.